Abin da Ban Rubuta a Littafina Ba

Duk wanda ya san ni a Illela yau, ya san ni ne da shagon gyaran rediyo da fanka da ke bayan kara, kasuwar shanu. Samarin da ke zama a bencina suna latsa waya, in na ce musu na taɓa tayar da kwamfutar da ta fi firjin mai ƙanƙara girma, sai su yi dariya su ce Baba Arzika ya fara. Ba na jin haushinsu. Ni ma da ba a kaina abin ya faru ba, da na taya su.

Shekara huɗu na yi a Kaduna ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, ni ne mai kula da na'urarsu. Irin wadda yanzu ake kira saba ce: ita kaɗai a ɗakinta mai sanyi, wayoyi sun fita daga jikinta zuwa ofisoshi, kowane akawu da akwatinsa mai gilashi kamar talabijin, amma tunanin duka a cikinta ake yi. Wanda ya koya mini aikin wani Bayarabe ne, Mista Ajayi, mutumin kirki mai gajeren haƙuri. Ba ya faɗin magana sau biyu. Dole na sayi littafi mai baƙin bango na riƙa rubuta duk abin da ya fito bakinsa: umarnin da ake ba na'ura da Turanci, a ƙarƙashinsa bayani da Hausa, yadda zan gane in na manta. Cikin shekara huɗu littafin ya cika har bango, ya sha gumi, ya sha man injin. Ba ni da wata takardar shaida ta kirki. Littafin nan shi ne ilimina, shi ne jarina.

Da matsin tsakiyar shekarun tamanin ya zo, kamfanin ya durƙushe, aka sallame mu, aka yi gwanjon komai har kujeru. Na dawo Illela da akwati ɗaya da littafina. Wata bakwai ina zaman zaure. Abokaina da muka taso tare, waɗanda ba su ko gama firamare ba, suna ta hada-hadarsu ta wake da shanu, suka laƙaba mini suna injiniya ba inji. Mahaifina, Alhaji Maccido, bai taɓa ce mini kome ba, kuma shirun nasa ya fi mini zafi, don tun farko shi fatauci ya so in bi.

Ana nan sai ga saƙo daga Yamai, daga Alhaji Isufu, maigidan mahaifina. Ga wanda bai san harkar fatake ba: kowane falke yana da gidan da yake sauka a garin da yake kai kaya. Mai wannan gida shi ne maigidanka. Shi zai ba ka ɗaki da abinci, shi za ka damƙa wa kayanka ya ajiye, shi zai nemo mai saye, shi zai yi magana a madadinka. Kai naka ido. Alhaji Isufu mutumin Ƙonni ne da ya daɗe da zama Yamai, kuma shekara talatin mahaifina da mutanensa a gidansa suke sauka. Saƙon ya ce wani kamfani a can ya sayo na'ura daga gwanjon Kaduna, an kafa ta, ta ƙi magana. Turancin Ingilishi kawai take ji, masu gyaran can kuwa na'urorin Faransa suka sani. Kamfanin ya yi alkawari duk wanda ya tayar da ita shi za a ɗauka ya riƙa kula da ita. Da aka karanto lambar jikinta sai da na miƙe tsaye. Tawa ce, wadda na yi shekara huɗu ina goge wa ƙura.

Huɗubar mahaifina gajeriya ce. Ya ce, "In ka isa, abin da duk kar riƙo ka damƙa ma Isufu. Shi na bakinka, shi na idonka. Kada ka tsallake shi ka yi magana da kowa. Haka munka gada."

Lokacin iyaka a rufe take, don haka ban bi ta ƙofa ba. Wani mai babur ya ɗauke ni ta bayan ƙauyen Araba, muka bi hanyar gonaki, rairayi na kama taya, ina rungume da jakar da littafin yake ciki. Bazara ce, ƙasa ta yi fari fat, ko tsuntsu ba ya motsi. Ba alama, ba shinge, sai kawai mutumin ya waiwayo ya ce mun shiga Faransa, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran can har yau. Ke nan na shiga ƙasar mutane ba hatimi, ba takarda. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin kome ba, kowa haka yake yi.

A tashar Ƙonni na tarar da Sallau, babban ɗan Alhaji Isufu, wanda aka aiko ya tarbe ni. Sa'ana ne, dogo, da tabarau da riga mai aljihu huɗu, biro uku a jere a ƙirjinsa. Ya yi boko a can har ya ɗan taɓa aikin lantarki, yana kuma tsintar Ingilishi. Ya rungume ni kamar mun sha nono ɗaya. Gaskiya ya shiga raina nan take. A duk shingen da aka tsayar da mu kan hanya, shi ke sauka ya yi ta zuba Faransanci yana nuna ni yana dariya, sai a ɗaga mana hannu. In na tambaye shi me ya ce, sai ya ce, "Na ce musu kai ɗan gidanmu na." Na riƙa gode wa Allah da ya haɗa ni da shi.

Kafin Dogon Dutsi motarmu ta yi zafi ta mutu. Muka yini a gindin wata aduwa wadda inuwarta ba ta kai tabarma ba. Ruwan da na riƙo ya ƙare, leɓɓana suka tsage. Wata tsohuwa da ke cikin fasinja, da ƙwaryarta a ɗaure cikin tsumma, ta dube ni ta ce wannan baƙo ne, bai saba ba. Ta dama fura ta miƙo mini, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ban san sunanta ba, a Doso ta sauka. Har yau in na yi addu'a ina sa ta.

Yamai ta ba ni tsoro. Ga kogi, ga gada, ga mutane suna ta Zabarmanci da Faransanci, in ka ji Hausa sai ka waiwaya kamar an kira sunanka. Gidan Alhaji Isufu kuwa cike yake da fatake, wasu ma 'yan Illela ne da na sani. Ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi mahaifina da gida, aka kawo abinci. Da muka gama sai na yi yadda aka hore ni. Na buɗe jaka, na ciro littafin, na durƙusa na ajiye a gabansa da hannu biyu, na ce ga kayana. Wani falke da ke gefe ya yi dariya ya ce shi shanu ya kawo, ni takarda. Alhaji bai yi dariya ba. Ya juya littafin, ya shafa bangon, ya ce amana ta iso inda ba ta ɓata. Ya sa shi cikin akwatin ƙarfensa ya kulle.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi haka. Littafi ba sa ba ne, ba ya bukatar turke, aljihuna ya ishe shi. Amma ni ɗan falke ne, tun ina ƙarami nake ganin baƙi suna damƙa wa mahaifina duk abin da suka zo da shi kafin su ko kwance rawani. Riƙe kayanka a gidan maigida kamar ka ce masa ɓarawo ne. Da na bar littafin a jakata, da kunya ta hana ni cin tuwon gidan.

Washegari Alhaji ya ba Sallau littafin ya riƙe, muka tafi kamfanin. A ƙofa akwai wani tsohon soja mai gadi, Bazabarme, sunansa Hamani, yana jin Hausa sarai. Ya gaishe ni ya buɗe mana. Aka kai mu wurin darakta, wani Bature mai jan wuya. Sallau ya yi ta bayani da Faransanci, daraktan yana gyaɗa kai, ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai. Aka kawo farar riga irin ta ma'aikata guda ɗaya aka ba Sallau. Na ce a raina wataƙila tawa sai an ɗinka.

Da aka buɗe ɗakin na'urar, sanyi da warin nan nata suka buge ni, sai da idona ya kawo ruwa. Har ɗan tabon da na yi mata da kujera a Kaduna yana nan. Na gane matsalarta cikin minti goma. Takardar gwanjo ta nuna waɗanda suka sayar sun shafe faifan da take ajiye komai tas, babu kome a ciki, an ma cire shi an kai sito. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda muke kira sistam, tana nan cikin faya-fayan tef da aka haɗo da su a kwali, ba wanda ya san yadda ake ɗora ta.

Irin waɗannan na'urori, ko da cikinsu wayam ne, akwai wani ɗan ƙaramin shiri da aka gina a jikinsu tun daga masana'anta, muna kiransa monita. Shi ba ya goguwa. Da ka kunna wuta shi ke farkawa, ya buga maka 'yar alama a takardar keken rubutun da ke haɗe da na'urar, yana jiran umarni. Da shi ake gwada ƙwaƙwalwarta, da shi ake shirya faifai, da shi ake jawo sistam daga tef. Duk aikin hira ce tsakaninka da shi, kuma ba ya yafe kuskuren harafi ɗaya.

Ranar farko ban kunna kome ba. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na auna wuta, na goge kawunan tef da auduga da sifirit. Sallau yana biye da ni da littafin a buɗe, ya ce bari ya riƙa karanto mini don hannuna ya samu sarari. Yana tambaya, ina ba shi amsa da murna. Wata bakwai ba wanda ya tambaye ni abin da na sani, sai ga mutum yana sauraro har yana gyaɗa kai. Na zage na koya masa abin da ko bai tambaya ba.

Rana ta biyu aka ɗauko faifan daga sito. Katon abu ne, kamar an jera faranti goma a kan sanda an rufe da murfi, kuma da na taɓa shi da zafi, don siton rufin kwano ne. Na ɗora shi a mazauninsa, na kunna, ya fara juyawa yana gunji. Sai na ce wa Sallau mu je mu yi azahar. Ya ce in je, shi zai yi daga baya. Na fita, na yi alwala a famfon da ke bayan ɗakin Hamani, na yi salla, na yi lazimi, na ɗan zauna, sannan na dawo.

Wannan fitar tawa cikin aikin take. Mista Ajayi ya taɓa ja mini kunne, sau ɗaya kamar yadda ya saba, cewa kada in kuskura in shata faifai sai ya yi aƙalla rabin awa yana juyawa, zafin jikinsa ya daidaita da na ɗakin. Ƙarfe ne, yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. In ka shata masa layuka yana da zafi, zai karɓa lafiya lau, amma da ya huce layukan sun gusa, gobe ko jibi sai na'ura ta nemi abin da ta ajiye ta rasa. Ni kuwa tun a Kaduna sai na riƙa daidaita wannan jira da lokacin salla, har ya zame mini jiki. Shi ya sa bai shiga littafin ba. Ban ɓoye wa Sallau ba, Allah ya sani. Bai tambaya ba, ni kuma ban tuna cewa abin faɗi ne ba.

Da na dawo na zauna gaban keken rubutu. Na ce wa monita ya gwada ƙwaƙwalwa, ya gwada, ya ce lafiya. Na ce ya shata faifai, ya yi ta yi kamar mai yin kunya a gona, layi bayan layi, yana bugo mini wuraren da suka lalace don a tsallake su. Sannan na ɗaura tef na farko na ba da umarnin jawowa. Da ƙafafun tef ɗin nan suka fara juyawa, suna tsayawa suna ci gaba, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

A daidai nan muka ji takun darakta. Sallau ya dafa kafaɗata ya ce da sauri in tashi ya zauna, wai dokar wurin ba mai taɓa na'ura sai mai farar riga, ni kuma ba ni da takardar shiga ƙasa, in aka gan ni a kujera za a fara tambaya. Maganar ta yi mini ma'ana. Na tashi na tsaya a bayansa riƙe da kwalin tef. Daraktan ya shigo ya tarar da Sallau a gaban keken, littafi a cinyarsa, tef yana juyawa. Haka aka yi ta yi duk lokacin da ya leƙo.

Rana ta uku da hantsi sistam ya gama hawa. Ya yi tambayoyinsa: kwanan wata, akwatuna nawa za a haɗa, wanne ne na wane ofis. Na amsa duka. Na kashe na'urar, na sake kunnawa, wannan karon ta tashi da kanta daga faifai ba tare da tef ba. Sai muka ji sowa daga ofisoshi, gilasan akawuna sun kawo haske gaba ɗaya. Darakta ya shigo da sauri ya kama hannun Sallau da hannu biyu yana girgizawa. Ni kuma ya sa aka kawo mini lemon kwalba mai sanyi. Na sha, har na yi godiya.

Daga ranar Sallau ya daina tafiya da ni. Kullum da safe sai ya ce in huta, ana shirya takarduna, abin Nasara sai a hankali. Na zauna a gidan fatake ina ƙirga kwanaki. Kewar gida ta kama ni yadda ban zata ba. Na ƙosa da dogon burodinsu, na riƙa mafarkin tuwon Inna da miyar sure. In 'yan Illela za su koma sai in raka su tasha in tsaya ina kallon motar har ta ɓace. Amma ina ce wa kaina saura kaɗan, in na koma da takardar aiki a hannu, za a ga injiniya da injinsa. Har na aika wa mahaifina cewa na'ura ta tashi.

Da aka yi kwana goma sha biyar haƙurina ya ƙare, na karya huɗubar mahaifina, na taka da ƙafa har kamfanin. Hamani ya tare ni a ƙofa. Bai buɗe ba. Ya jawo mini benci, ya zuba mini shayi a ɗan kofi, ya bari sai da na sha. Sannan ya ce shi tsoho ne, ba ya son shiga maganar da ba tasa ba, amma ya ga ina salla, kuma ya san wanda ya yi aikin, don tagar ɗakin na'ura tana kallon ɗakinsa.

Ya ce, "Ɗana, tun ranar farko ina tsaye a bakin ofis na ji abin da Sallau ya gaya wa Nasara. Ya ce shi ne injiniya, a Najeriya ya koyo, littafin nan nasa ne. Kai kuma baran gidansu ne da ya zo da kai ka riƙa ɗaukar masa kaya. An ba shi aikin tun ranar da gilasai suka kawo haske. An kuma ce mini in ka zo kada in bar ka ka shiga."

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne shingayen kan hanya, Sallau yana nuna ni yana dariya. Sai lemon nan da na sha na yi godiya. Na ji kunya fiye da fushi, kunya irin wadda ke sa mutum ya ji kamar kowa a titi ya san labarinsa.

Na koma gida na sami Alhaji Isufu a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaya masa abin da na ji, ina zaton zai zabura. Ko gezau. Sai na gane tun daga saƙon da aka aika Illela shirin nasu ne su biyu. Na ce to, aiki Allah ke bayarwa, a ba ni littafina in tafi.

Ya ce, "Arzika, kai ɗan falke na. Kayan da anka damƙa ma maigida, maigida ka sanin inda za shi kai su. An kai shi inda za ya yi amfani." Ya ja carbi kaɗan ya ƙara da cewa, "Kuma ka san ba ka da takarda. In maganag ga ta hita waje, kai za ta ci. Ka koma gida cikin mutunci, ka gaishe min da Maccido."

Hamani ne ya nemo mini wani direban babbar mota da ya sauke albasa zai koma gabas. Mutumin ya sa ni a gaba kusa da shi, bai karɓi ko sefa ɗaya ba, bai kuma tambaye ni abin da ya sa nake shiru ba. A Ƙonni ya sauke ni. Na bi hanyar gonakin Araba da ƙafa, jakata ba nauyi.

Na zayyana wa mahaifina komai, ina jiran ya tashi ya sa a ɗaura masa sirdi, ko aƙalla ya aika da wasiƙa mai zafi. Ya dubi ƙasa ya ce Allah shi kyauta. Shi ke nan. Sati na zagayowa na ga ya sallami mutanensa da kaya zuwa Yamai, gidan Isufu, kamar kullum. Na ari ƙarfen narka dalma wurin wani abokina na fara gyaran rediyo a bakin kasuwa, don in daina ganin fuskar kowa a gida.

Damina ta faɗi, gero ya kai gwiwa. Wata ranar kasuwa aka aiko in zo gida, an yi baƙi. Ina shiga zaure na ga Alhaji Isufu a kan buzun mahaifina, Sallau a gefensa ya rame, tabarau ya yi masa yawa. An kawo musu fura da gasasshen nama kamar yadda ake yi wa baƙin girma.

Ba wanda ya ambaci abin da ya wuce. Alhaji Isufu ya yi bayani kamar mai ba da labarin ciwon doki. Wuta ta yi wasa, faifan da na shirya ya lalace, aka ɗauko sabo daga sito. Sallau ya bi littafin harafi da harafi, sistam ya hau, kowa ya yi murna, bayan kwana biyu na'ura ta rikice. Ya sake, ta sake. Sau uku ke nan. Nasara ya ba shi zuwa ƙarshen wata, ko ta tsaya ko a kore shi, har yana maganar kai ƙara. Sun zo ne in duba ko akwai wani abu da aka tsallake.

Tun kafin ya rufe baki na san abin da ya faru. Ina ganin Sallau a raina ya ɗauko faifai da zafinsa daga ƙarƙashin kwano, ya ɗora, ya hau shatawa nan take don ya burge Nasara. Wani daɗi ya taso mini tun daga ciki. Na ce yau Allah ya kawo ranata. Na buɗe baki zan ce a fara ajiye littafina a nan, a kuma je a gaya wa Nasara wane ne injiniya. Sai mahaifina ya miƙe ya ce in biyo shi.

Muka tsaya a soro na biyu, inda ba mai jinmu. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Na san an cuce ka. Tun randa kad dawo ban yi barcin kirki ba. Amma mutum nawa na garin ga ka sauka gidan Isufu da sunana? In nit taɓa shi yau, gobe ina za su kai shanunsu? Kuma ga shi cikin zaurena, ya ci abincina. Hwaɗa mai abin da yaka so."

Na ce, "Baba, littafin fa?"

Ya ce, "Ba a tambaya tai. Ni na ce ka damƙa, ni ka ɗaukar wannan."

Abin da Sallau ya yi mini ya yi zafi, na Alhaji Isufu ya fi. Amma su ba su haife ni ba. A soron nan na gane an auna ni da shanun mutane an ga shanun sun fi nauyi, kuma wanda ya riƙe ma'aunin ubana ne, yana kuma ganin daidai ya yi. Wataƙila ma daidai ɗin ya yi. Shekara kusan arba'in ina juya abin, ban gama yafewa ba, ban kuma iya cewa ya yi laifi ba.

Muka koma zaure. Na zauna na dubi Sallau, karo na farko tun Yamai.

Na ce, "In ka ɗora faifan ka kunna, kada ka taɓa kome. Ka fita ka yi alwala, ka yi salla, ka yi lazimi, ka ɗan zauna. Sannan ka dawo ka shata."

Ya ɗaga kai yana dubana, yana zaton gatse nake masa a gaban iyaye. Sai na yi masa bayanin zafi da sanyin ƙarfe, yadda Mista Ajayi ya yi mini. Na ga lokacin da ya tuna ranar nan da na ce mu je azahar ya ce in je. Ya sunkuyar da kai.

Sannan ya sa hannu a babban aljihunsa ya ciro littafina. An yi masa sabon bango da takardar siminti, an rubuta sunan Sallau da manyan baƙaƙe. Ya buɗe shafin ƙarshe, inda ɗan wuri ya rage a ƙarƙashin rubutuna. Ya laluba ƙirjinsa, ranar ko biro ɗaya babu. Ya dube ni ya ce ko zan ara masa.

Na ciro nawa na miƙa masa. Ya rubuta a hankali, ya karanta, ya rufe littafin ya mayar aljihu. Mahaifina yana kallon bango.

Biron kam ya mayar mini. A duk abin da na taɓa miƙa wa mutanen gidan Isufu, shi kaɗai ne ya dawo hannuna.